Tsukewa, Matsewa da Ƙanƙancewa a Turanci: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi suna yawan fitowa daga ɗaliban da ke shirin WAEC da NECO da JAMB, da masu fassara labarai a gidajen rediyo, da 'yan makarantar koyon aikin jinya waɗanda duk littattafansu da Turanci suke. Abin da ke rikita su guda ne: ƙamus yakan jero *shrink* da *contract* da *constrict* da *compress* da *tighten* a wuri ɗaya, sai mai koyo ya ɗauka duk wadda ya ɗauko ta yi. Ba haka ba ne. Kowace tana da abubuwan da ta saba tafiya da su, kuma sanin waɗannan abokan tafiya shi ne sanin kalmar.

Wace kalma ce ta Turanci take nufin "tsuke" ko "ƙanƙance"?

Babu guda ɗaya, kamar yadda mu ma ba mu da guda ɗaya. Muna cewa riga ta tsuke, tumatir ya yanƙwane, tafki ya ƙafe, taya ta sace, takalmi ya matse ni. Ba Bahaushen da zai ce tafki ya yanƙwane. To, Bature ma haka yake rarrabewa.

Kafin ka zaɓa, tambayi kanka abu biyu. Mene ne yake raguwa? Sannan da kansa yake raguwa, ko wani abu ne yake matsa shi? Abin da ke raguwa da kansa, yawanci *shrink* ko *contract* ko *shrivel* ko *dwindle* ake ce masa. Inda akwai matsi kuwa, *tighten* da *squeeze* da *compress* da *constrict* su ne a gaba. In ka rasa wadda za ka kama a kan abin da girmansa ya ragu, *shrink* ta fi kowace faɗi: tufafi, tafki, kasuwa, yawan jama'a, ƙari a jikin majinyaci, duk tana ɗaukarsu.

Wanne ne daidai: *shrank*, *shrunk* ko *shrinked*?

*Shrinked* babu ita sam. Kalmar tana cikin dangin *drink* da *sink* da *sing*, masu sauya wasali maimakon ƙara *-ed*. Don abin da ya wuce: *My shirt shrank.* Bayan *has* ko *have* ko *had*: *My shirt has shrunk.* Amurkawa da yawa suna cewa *it shrunk* a maganar yau da kullum, kuma ƙamusoshi sun amince da hakan, amma a takardar jarrabawa ka tsaya kan *shrank*, domin ita mai maki yake tsammani.

Akwai ta huɗu, *shrunken*, wadda siffa ce da ke zuwa kafin suna: *shrunken cheeks*, wato kumatun da suka faɗa saboda ciwo ko tsufa. Ba kasafai ake cewa *it has shrunken* ba.

Rigata ta tsuke bayan wanki. Me zan ce, kuma me zan gaya wa tela?

*It shrank in the wash.* Dalilin tsukewar kuwa, lokacin saƙa ana jan zaren auduga sosai, to da ya sha ruwa da zafi sai ya koma tsawonsa na asali. Shi ya sa gogaggen tela yakan jiƙa yadin auduga ya shanya kafin ya sa almakashi. In ka ga *preshrunk* a jikin riga, ana nufin an riga an yi mata wannan a masana'anta. Rigar sanyi ta ulu kuma nata daban ne: gashin yakan sarƙe da juna in aka cuɗa shi a ruwan zafi, kuma in ta tsuke da wuya ta dawo.

Wajen tela kuwa ba a amfani da *shrink*. In riga ta yi maka yawa kana so a rage ta, *take it in* ake cewa. In a buɗa ta ne, *let it out*. In tsawo za a rage, *shorten it* ko *take it up*. A nan gida ana yawan cewa *slim-fit it*, kuma kowane tela a Kano ko Kaduna zai gane. A wajen Najeriya *slim fit* sunan salon ɗinki ne kawai, ba aikin da ake yi wa riga ba.

Mene ne bambancin *shrink* da *contract*?

*Shrink* ta gida ce da kasuwa, *contract* ta ɗakin karatu ce da asibiti da shafin tattalin arziki. Amma bambancin bai tsaya ga wannan ba. *Contract* ta fi dacewa da abin da ke tsukewa ya kuma sake buɗewa, shi ya sa abokiyar adawarta *expand* ce, ko *relax* in tsoka ake magana. Zuciya tana *contract* a kowane bugu. Ƙarfe yana *expand* da zafi ya *contract* da sanyi. Dubi wayoyin lantarki tsakanin fol biyu: a zafin Afrilu sukan yi ciki su sauko, da sanyin hunturu kuma su ɗan miƙe. Saboda haka ne injiniyoyi suke barin 'yar tazara a mahaɗar gada.

Ruwa ne ya fita daban, kuma malaman kimiyya suna son tambaya a kansa. Yana *contract* yayin da yake sanyi har ya kai digiri 4, daga nan sai ya juya ya fara *expand*. In ya zama ƙanƙara girmansa yakan ƙaru da kusan kashi 9 cikin 100, abin da ke fasa kwalbar da aka cika taf aka manta a firiza.

Rigar da ta tsuke ba a ce mata *contracted*. Nahawu bai hana ba, amma kunne ba ya karɓa.

To ai *contract* kwangila ce. Yaya aka yi ta zama tsukewa?

Asalinta na Latin ne, kuma ma'anarsa jawo abubuwa wuri ɗaya. Tsoka tana jawo kanta, yarjejeniya tana jawo mutum biyu. A furuci ake rabewa: in kwangila ce ko kwantiragi, nauyin murya yana kan gaɓar farko, *CONtract*, in tsukewa ce, yana kan ta biyu, *conTRACT*. Wannan yana fitowa a jarrabawar furuci ta WAEC, don haka ya cancanci a riƙe shi.

Akwai ma'ana ta uku da ke tuntuɓe masu fassara: *to contract a disease*, wato kamuwa da cuta. *He contracted cholera* na nufin ya kamu da kwalara, ba wai ya rage ta ba.

A ina ake amfani da *contraction*?

A ɗakin haihuwa, *contractions* su ne murɗawar naƙuda, lokacin da mahaifa ke tsukewa tana saki. Ungozoma takan auna tazarar da ke tsakaninsu: *The contractions are five minutes apart.* A nahawu kuma *contraction* ita ce gajarta kalmomi irin *don't* da *can't* da *I'm*, waɗanda ake so ka guje musu a wasiƙar neman aiki.

A tattalin arziki, *contraction* raguwar abin da ƙasa ke samarwa ce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa tattalin arzikin Najeriya ya ragu da kashi 6.1 cikin 100 a rubu'i na biyu na 2020, lokacin kullen korona, jaridu kuma suka rubuta *the economy contracted*, wasu *the economy shrank*. Duka biyun daidai ne. In raguwar ta jera rubu'i biyu, sai a kira ta *recession*, kamar yadda aka yi a 2016 da 2020.

Bakanike ya ce min *tight the nut*. Daidai ne?

A gareji an fahimce shi, amma a rubutu kuskure ne. *Tight* siffa ce, *tighten* shi ne aikin. Noti yana iya zama *tight*, amma mai sifana a hannu *tighten* yake yi. Haka Turanci yake gina ayyuka da dama: *short* ya ba da *shorten*, *wide* ya ba da *widen*, *stiff* ya ba da *stiffen*. Saboda wannan dalili *the shoe is tighting me* ba ta zauna ba. A ce *the shoe is too tight*, ko *the shoe pinches*.

Kishiyarta ta fi ba da wahala, domin kalmomi uku ne masu kama da juna. *Loose* shi ne abin da ya yi sako-sako. *Loosen* shi ne sassautawa. *Lose* mai *o* ɗaya kuwa asara ce ko ɓatarwa, ba ta da alaƙa da ɗauri. Kullum ana ganin *we will not loose this election* a Facebook, har daga hannun masu digiri. A ganina wannan ne kuskuren da ya fi saurin zubar da ƙimar rubutu mai kyau, kuma gyaransa bai wuce cire harafi ɗaya ba.

Me ake nufi da *tighten* a labarai, inda babu noti babu igiya?

*Security has been tightened* shi ne an tsaurara matakan tsaro. *Tighten the rules*, a tsananta doka. *Tighten your belt* kuwa Hausa tana da nata tun tuni: tsuke bakin aljihu. Mai fassarar da ya ce "ku ɗaure bel ɗinku" ya bar mai sauraro a duhu. *The race is tightening* na nufin tazarar da ke tsakanin 'yan takara tana raguwa. A nan ana iya cewa *the gap is narrowing*.

*Monetary tightening* ita ce lokacin da babban banki ya ɗaga kuɗin ruwa don bashi ya yi tsada, kuɗin da ke yawo a hannun jama'a su ragu, da fatan hauhawar farashi ta lafa. Babban Bankin Najeriya ya yi haka a 2024: kuɗin ruwansa ya shiga shekarar yana kashi 18.75, ya kai 27.5 a watan Nuwamba. In aka sauko da shi, *easing* ko *loosening* ake cewa.

Ina rikita *constrict* da *restrict* da *constrain*.

Ba laifinka ba ne, tushensu ɗaya ne a Latin, kalmar da ke nufin ɗaurewa tam, wadda ita ce kuma ta haifi *strict* da *stringent*. *Constrict* ita ce matse abu ta kowane gefe har hanyar cikinsa ta ƙuntata, shi ya sa take tafiya da abubuwa masu rami: jijiyar jini, maƙogwaro, hanyoyin numfashi. Mai asma in ciwon ya tashi, *the airways constrict*. In aka haska tocila a ido, *the pupil constricts*, in duhu ya yi kuma *it dilates*. Mesa ma *constrictor* ce, tana nannaɗe dabba ta matse ta har jini ya daina zagayawa.

*Restrict* kuwa iyaka ce da doka ko hukuma ta sa: *Movement was restricted on election day*, an taƙaita zirga-zirga. *Constrain* ita ce halin da ya ɗaure wa mutum hannu ko ya tilasta shi, kamar rashin kuɗi ko ƙarancin lokaci: *financial constraints*. Ɗalibin jinya da ya rubuta *the blood vessels restrict* ya yi kuskure. *Constrict* ce, kuma sunan abin a littafi *vasoconstriction*. Don tsukewar tsoka kanta, koma amsar da ke kan *shrink* da *contract*.

Yaushe ake cewa *compress*, yaushe *squeeze*, yaushe *condense*?

*Squeeze* ta hannu ce: matse lemo, matse tsumma, kutsawa cikin motar da ta cika. *Compress* ita ce danne abu ya shiga wuri ƙarami, yawanci da inji. Mai faci yana da kwamfuresa mai tura iska cikin tanki, firji da na'urar sanyaya ɗaki ma suna da tasu. Bidiyon da ya yi nauyi a waya ana *compress* ɗinsa kafin a tura. A taimakon gaggawa, *chest compressions* su ne danna ƙirjin wanda zuciyarsa ta tsaya, sau 100 zuwa 120 a minti ɗaya, zurfin kusan santimita 5 ga babba.

*Condense* ta shafi kauri. Tururi in ya taɓa murfin tukunya ya koma ɗigon ruwa, *it condenses*. *Condensed milk* madara ce da aka rage wa ruwa aka zuba mata sukari har ta yi kauri. Wadda muka fi zubawa a shayi daga gwangwani *evaporated milk* ce, ba ta da ƙarin sukari. Dogon rahoto ma ana *condense* ɗinsa ya koma shafi ɗaya, wato a taƙaita ba tare da an zubar da ma'ana ba.

Abin da ya bushe ya yanƙwane fa?

*Shrivel* ita ce ƙanƙancewa tare da yamutsewa saboda rashin ruwa, irin tumatir ko tattasai da aka shanya a bakin titi. *Wither* ta fi tafiya da shuka da ke mutuwa, kamar gero in ruwa ya ɗauke. *Wilt* kuma langwaɓewa ce kawai, irin ta alayyafo da rana. In aka yayyafa ruwa yana iya farfaɗowa. Gaɓar da ta shanye ta ƙanƙance, kamar ƙafar wanda shan-inna ta taɓa, likita zai rubuta *atrophy*.

Yaya zan bambance *dwindle* da *diminish* da *decline* da *reduce*?

Waɗannan sun fi shafar yawa ko ƙarfi, ba girman jiki ba. *Dwindle* raguwa ce sannu a hankali har abu ya kusa ƙarewa, kamar hatsin rumbu in damina ta yi nisa. *Diminish* tana son abin da ba a taɓawa: martaba, tasiri, zafin ciwo. *Decline* ta rahoto ce da alƙaluma. Ambaliya ko kumburi *subside* suke yi, ruwan kogi in ya janye daga gaɓa *recede*.

Babban tarkon yana wajen ko kalmar tana ɗaukar abin da aka yi wa aikin. *Reduce* kusan kullum tana buƙatarsa: *The trader reduced the price.* *Dwindle* kuwa ba ta ɗauka. Ba a cewa *he dwindled the money*, sai dai *the money dwindled*. *Shrink* da *decrease* da *diminish* suna tafiya ta hanya biyun. Tafkin Chadi misali ne mai kyau na haɗa su a jimla ɗaya. A farkon shekarun 1960 faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000, fari na shekarun 1970 da 1980 ya cinye mafi yawansa. Sai a rubuta: *The lake shrank, the shoreline receded, and fish stocks dwindled.* Tafki ɗaya, kalmomi uku, kowace da abin da take bayani.

Shin *by* da *to* suna da bambanci bayan waɗannan kalmomi?

Babba ma, kuma nan ne fassarar labarai ta fi yin ɓarna. *By* tana faɗin abin da aka rasa, *to* tana faɗin abin da ya saura. *Sales shrank by 10 per cent*: ciniki ya ragu da kashi 10, saura 90. *Sales shrank to 10 per cent of last year's figure*: kashi 10 ne kawai ya saura, 90 sun tafi. In ana so a nuna mafari da ƙarshe sai a ce *from 500 to 300*. Mai fassara ya tsaya ya sake duba wannan ƙaramar kalma kafin ya karanta labari a iska, domin ita ce ke raba 'yar asara da karyewar jari.

In an ce *inflation has declined*, kaya sun sauko ke nan?

A'a, kuma wannan yana jawo wa masu karanta labarai zagi a banza. In hauhawar farashi ta sauko daga kashi 30 zuwa 25, kaya suna ci gaba da tashi, gudun ne kawai ya ragu. Sunan wannan *disinflation*. Saukar farashin kaya gaba ɗaya shi ne *deflation*, daga *deflate*, wadda ita ce ake faɗa wa taya ko ƙwallo in iska ta fita.

Akwai kuma sabuwar kalma, *shrinkflation*, haɗin *shrink* da *inflation*: farashi yana nan, kaya ne suka ƙanƙance. Duk mai sayen burodi ko sabulu ko ƙullin sukari ya san ta tun kafin ya ji sunanta. Kada a haɗa ta da *shrinkage*, wadda a lissafin kanti take nufin kayan da suka salwanta ta hanyar sata ko lalacewa ko kuskuren ƙirga. Kamfanin da ya rage ma'aikata kuwa *downsize* ya yi. A Najeriya an fi jin *retrenchment*.

Waɗanne kalmomi ake amfani da su ga jikin mutum in ya ji tsoro ko fushi?

Dunƙule hannu ko cije haƙora, *clench*: *He clenched his fists.* Kada ta rikice maka da *clinch*, wadda ke nufin kammala ciniki ko lashe kofi. Jiki in ya sandare don fargaba, *tense up*. Ɗaurewar tsoka mai zafi da ke kama ɗan ƙwallo a fili, *cramp*. Zabura in an kawo allura, *flinch*. Yatsine fuska don zafi, *wince*. Takurewa a lungu don tsoro, *cower*. *Cringe* da can noƙewa ce don tsoro, yanzu matasa a intanet sun fi amfani da ita ga abin kunya da mutum ba ya iya kallo.

*Shrink* ma tana shigowa nan in aka haɗa ta da *from*. *She did not shrink from her duty* na nufin ba ta noƙe wa nauyin da ke kanta ba. In kuma ka ji Ba'amurke ya ce *I'm seeing a shrink*, likitan ƙwaƙwalwa yake nufi; kalmar raha ce, ba ta shiga rubutun asibiti.

Abokina ya rame. Zan iya ce masa *you have reduced*?

A Najeriya za a gane ka, amma wanda ba ɗan ƙasa ba zai jira ka ƙarasa: ya rage me? Duba amsar da ke kan *reduce* a sama. Abin da ake cewa shi ne *you have lost weight*. *You have shrunk* kuma ta fi nuna tsawo ne ya ragu, irin na tsufa, don haka ba maganar faɗa wa babba ba ce.

Biyu daga cikin irin waɗannan maganganu na Turancin Najeriya sun shafi *squeeze*. *Don't squeeze your face* daga Turancin buroka ta fito. Ɗaure fuska a daidaitaccen Turanci *frown* ne, murtukewa kuma *scowl*. Rigar da ba a goge ba ba *squeezed* take ba, *creased* ce ko *rumpled* ko *wrinkled*. Ba na ganin aibin maganar gida a tsakanin 'yan gida, kowace ƙasa tana da irin Turancinta. Amma ɗalibi ya san wadda zai faɗa a majalisa da wadda zai rubuta wa mai maki.

Na ga *taut* da *strait* a littafi. Kuskuren ɗab'i ne?

Ba kuskure ba ne. *Taut* ita ce abin da aka ja ya miƙe babu lanƙwasa, kamar igiyar shanya ko fatar kalangu. A furucin Ingila sautinta ɗaya da *taught* ta koyarwa, shi ya sa masu shirya jarrabawa suke son haɗa su. Bambancinta da *tight* shi ne *tight* tana iya nufin matsi, kamar na hula ko murfin kwalba, *taut* kuwa ja ne kawai. Ba a ce wa takalmi *taut*.

*Strait* tsohuwar kalma ce mai nufin ƙunci, daga tushen nan da aka ambata a amsar *constrict*. Yau ta fi fitowa a sunan mashigin teku, irin *Strait of Hormuz* da ke tsakanin Iran da Oman, da *Strait of Gibraltar* tsakanin Sifen da Maroko. Tana kuma cikin *in dire straits*, wato cikin matsanancin hali, da *straitened circumstances*, ƙuncin rayuwa na wanda a da yake da hali. *Straight* mai *gh* ita ce miƙaƙƙe, kuma asalinta daban ne duk da cewa sautinsu ɗaya. Saboda haka in za ka rubuta cewa iyali sun shiga ƙunci, *straitened* za ka sa. *Straightened* na nufin an miƙar da abu, kamar ƙarfen da maƙeri ya buga.